Alabama bayan Saban: me za a sa rai a kakar 2025, kuma ina gyara yake?

Tambayar da Malam ya aiko gabanin kakar 2025, lokacin da aka rubuta wannan amsa, tana da rassa biyu. Tunda koci Nick Saban ya yi ritaya, kuma ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Alabama ta sha kashi har sau huɗu a kakar 2024, shin zamaninta ya wuce ke nan, ko akwai abin da za a sa rai a kakar 2025? Idan kuma gyara ake bukata, ta ina ya kamata a fara?

Malam, a ganina zamanin bai wuce ba, domin har yanzu ƙungiyoyin jami'o'in da suka kai Alabama tarin zaratan 'yan wasa a faɗin Amurka ba su da yawa. Abin da ya kuɓuce mata bara, wato kakar 2024, shi ne tabbas. A zamanin Saban mai kallo ya san irin wasan da za ta buga, a gida take ko a waje, da babba take karawa ko da ƙarami, amma a 2024 sai an busa usur an yi minti goma kafin a gane wace Alabama ce ta fito fili a ranar.

Saboda masu karatu da ba su saba da wasan ba, ya kamata a fayyace cewa ƙwallon Amurka ake magana, mai kama da zari-ruga, wadda ake ɗauka a hannu. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. Idan ta cika a sabunta mata wasu huɗun, idan kuma ta ga ba za ta cika ba, yawanci takan doka ƙwallon nesa a dama ta huɗu ta bar wa abokan karawa. Wanda ya shiga da ƙwallo gidan ƙarshe na abokan karawa ya ci tacdawun, maki 6 ke nan ban da bugun ƙari, bugun da aka ɗaga ta tsakanin sanduna kuma maki 3 ne. Hanyoyin matsawa gaba biyu ne, jifa da ruga, kuma mai rarraba aikin shi ne kwatabak, wanda manyan ƙarti biyar da za mu kira 'yan katanga suke tsayawa gabansa suna kare shi.

Saban ya riƙe Alabama kaka 17, daga 2007 zuwa 2023, ya ɗauko mata kofin ƙasa sau shida. Ya sanar da ritayarsa ranar 10 ga Janairun 2024, kwana tara bayan Michigan ta fitar da shi a Rose Bowl, wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa, da ci 27 da 20, kuma bayan kwana biyu aka naɗa Kalen DeBoer, wanda ya ci wasa 25 cikin 28 a kaka biyu da ya yi a Jami'ar Washington har ya kai ta wasan ƙarshe. Ƙa'idar lokacin ta ba 'yan wasa kwana 30 su sauya sheƙa idan kocinsu ya tafi, kuma wasu ba su yi wata-wata ba. Caleb Downs, gwanin tsaron baya, ya koma Ohio State, matashin kwatabak Julian Sayin ya bi shi can, Isaiah Bond kuma ya tafi Texas. Masu kare DeBoer sukan tuna wa mutane cewa shi kansa Saban wasa bakwai ya ci, ya faɗi shida a kakarsa ta farko, har da kashin da ya sha a gida hannun ƙaramar Jami'ar Louisiana-Monroe. Gaskiya ne, sai dai kwatancin bai cika ba, domin Saban ya tarar da ƙungiya mai fafutukar farfaɗowa, DeBoer kuwa ya tarar da wadda ta ɗauki kofin SEC, rukunin jami'o'in kudu maso gabashin Amurka da Alabama ke ciki, wata guda kafin zuwansa.

Lissafin bara shi ne wasa tara an ci, huɗu an faɗi, kuma wannan ne karo na farko tun 2007 da Alabama ta gama kaka ba ta kai nasara goma ba. Amma abin lura yana cikin yadda lissafin ya rabu. A filinta na Bryant-Denny da ke Tuscaloosa, mai ɗaukar mutum kusan 100,000, ta buga wasa bakwai ta cinye duka. A wajen gari ta buga shida, ta ci Wisconsin da LSU kawai. Uku daga cikin ƙungiyoyi huɗun da suka doke ta, wato Vanderbilt da Oklahoma da Michigan, ba sa cikin jerin 25 na sama a ranar da aka kara. Domin a gane nauyin wannan, Saban ya taɓa jera nasara 100 a kan ƙungiyoyin da ba sa cikin wannan jeri, kafin Texas A&M ta katse masa hanzari a 2021.

Makonni biyu da suka biyo juna sun isa su nuna halin ƙungiyar. Ranar 28 ga Satumba Georgia ta zo Tuscaloosa, kafin a ankara Alabama ta yi gaba da ci 28 da nema, kwatabak ɗinta Jalen Milroe yana jifa yana ruga kamar ba kowa a gabansa. Georgia ta lallaɓo har ta wuce da ci 34 da 33 saura 'yan mintoci a tashi. Dama ta farko bayan haka Milroe ya ɗaga ƙwallo gefen dama, Ryan Williams, yaro ɗan shekara 17, ya juyo ya cafe ta, ya yi wata juyawa a kan ƙafa ɗaya da ta bar masu tsaro biyu a baya, ya ruga har gida, yadi 75. Wani sabon ɗan wasan, Zabien Brown, ya cafke jifan Georgia na ƙarshe, aka tashi 41 da 34, 'yan jaridar da ke kaɗa ƙuri'ar jerin 25 na kamfanin labarai na AP suka ɗora Alabama a matsayi na ɗaya.

Asabar ta gaba, 5 ga Oktoba, aka je Nashville wajen Vanderbilt, wadda rabonta da doke Alabama tun 1984. Vanderbilt ta riƙe ƙwallo fiye da minti 42 cikin 60, ta cika yadinta a dama ta uku sau 12 cikin 18, ta ci da 40 da 35, ɗalibanta suka tumɓuke sandunan raga suka ɗauke su a kafaɗa har kogin Cumberland suka jefa. A wannan wasa ne Alabama ta tilasta wa Vanderbilt doka ƙwallo nesa, sai alƙalin wasa ya jefa ƙyallen laifi saboda 'yan Alabama biyu sun shigo fili sanye da riga mai lamba ɗaya, aka mayar wa Vanderbilt ƙwallonta. Irin wannan laifi ba shi da alaƙa da ƙarfi ko gudu, aikin mutanen da ke gefen fili ne da bai kammala ba, kuma a filin Saban da wuya a ga irinsa.

Sauran faɗuwar uku sun bi sawu iri ɗaya. A Knoxville Tennessee ta ci 24 da 17, aka kama Alabama da laifi 15 da suka ci mata yadi 115, fiye da tsawon fili guda. A Norman, Oklahoma da ta shigo wasan da nasara biyar da faɗuwa biyar ta lallasa ta 24 da 3, aka cafke wa Milroe jifa uku, kuma wannan ne karon farko tun 2011 da Alabama ta tashi wasa ba tacdawun ko ɗaya. Wannan faɗuwa ce ta hana ta shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi 12, inda kwamitin zaɓe ya fifita SMU a kanta. Ranar 31 ga Disamba kuma a Tampa, cikin ruwan sama, ta zubar da ƙwallo sau uku a kwatan farko, Michigan da manyan 'yan wasanta da dama ba su buga ba ta yi gaba da 16 da nema, ta kuma riƙe har aka tashi 19 da 13.

Gyara na farko, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne ruga da ƙwallo. Wanda ya duba jimillar bara zai ce babu matsala a nan, amma jimillar tana ɓoye abu, domin mafi yawan haɗarin rugar Alabama a ƙafar mutum ɗaya yake. Milroe ya ci tacdawun 20 da ƙafa, ya ci 16 da jifa, an cafke masa 11. Ranar da ƙafarsa ta samu fili, kamar a Baton Rouge inda ya ruga yadi 185 ya ci tacdawun huɗu aka doke LSU 42 da 13, babu mai iya tsayar da ƙungiyar. A wasanni huɗun da aka faɗi kuwa bai kai yadi 20 a kowanne ba, ko da yake lissafin jami'o'i yana cire yadin da kwatabak ya rasa idan an kayar da shi a baya. Masu horarwa sun gano maganin tun tsakiyar kaka: a ware mai tsaro ɗaya mai gudu ya zuba masa ido, masu tsaron gefe su tsare bakin fili kada ya fita, a bar shi ya nemi nasara da gajerun jifa a tsakiya, inda ya fi rauni. Da an yi haka sai a ga Alabama ba ta da wata dabara ta biyu, saboda masu rugarta na asali, Jam Miller da Justice Haynes, ba a taɓa ba su ƙwallo da yawan da zai sa su zama ginshiƙi ba.

Wannan baƙon abu ne a Tuscaloosa. Ƙungiyar da Mark Ingram ya ɗauki kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a cikinta a 2009, Derrick Henry ya ɗauka a 2015 bayan ya ruga yadi fiye da 2,200, ta saba da cewa idan wasa ya cakuɗe a kwata na huɗu sai ta sa ƙwallo a hannun mai ruga ta bi ta kan mutane har lokaci ya ƙare. Amfanin wannan ya fi bayyana a waje, inda ihun 'yan kallo ke hana 'yan katanga jin muryar kwatabak, jifa ya zama da haɗari. Ƙungiyar da ke iya samun yadi huɗu ko biyar a dama ta farko ta hanyar ruga ba ta shiga dama ta uku da dogon bashi, kuma tana ba masu tsaronta lokacin hutu a benci. Rashin wannan ne ya sa masu tsaron Alabama suka kwana a fili a Nashville. A 2025 Milroe ya tafi NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, Seattle ta ɗauke shi a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa, Haynes kuma ya koma Michigan, saboda haka nauyin ya koma kan Miller da matasan da ke bayansa, kuma babu sauran ƙafar kwatabak da za a fake da ita.

A nan ne maganar Ryan Grubb ta shigo, kuma ina kallonta da fata da ɗari-ɗari a lokaci guda. Grubb ya yi aiki da DeBoer tun a ƙaramar Jami'ar Sioux Falls, sannan Eastern Michigan da Fresno State da Washington, kuma shi ne mai tsara harin da kwatabak Michael Penix Jr. ya jefa yadi fiye da 4,900 a cikinsa a 2023. Da shi aka shirya zuwa Alabama tun farko, sai Seattle ta NFL ta ɗauke shi a Fabrairun 2024, aikin ya faɗa hannun Nick Sheridan. Bayan kaka ɗaya Seattle ta sallame shi, DeBoer ya dawo da shi a Fabrairun 2025. Abin fata shi ne mutanen biyu sun san tunanin juna, kuma tsarin DeBoer, mai yawan motsa 'yan wasa kafin a fara dama domin a ruɗa masu tsaro a kuma karanta shirinsu, Grubb ne ya fi kowa iya juya shi. Abin ɗari-ɗari kuma shi ne babban ƙorafin da aka yi a kansa a Seattle yawan jifa ne da saurin watsar da ruga idan ta ƙi a farkon wasa. Wato an kawo likitan da ya ƙware a kan ciwon ido, alhali majinyacin ƙafa ke damunsa. Ba na cewa ba zai iya ba, domin a Washington a 2023 Dillon Johnson ya ruga yadi fiye da 1,100, 'yan katangar ƙungiyar kuma suka ɗauki kyautar Joe Moore ta katangar da ta fi kowacce a ƙasar. Amma masu tsaron SEC sun fi na yammacin Amurka nauyi a gaba, kuma haƙurin ci gaba da ruga bayan an tsayar da ita sau uku a jere hali ne da sai an gani a fili.

Batun kwatabak shi ne wanda jaridu suka fi yayatawa, ni kuwa bai tayar mini da hankali kamar sauran ba. Gabanin kakar 2025 Ty Simpson ne ke kan gaba, ɗan garin Martin a jihar Tennessee, wanda mahaifinsa koci ne, ya zo Alabama a 2022 a matsayin ɗaya daga cikin fitattun ajinsa, ya zauna a benci shekara uku bayan Bryce Young da Milroe bai sauya sheƙa ba, abin da ya yi ƙaranci a wannan zamani. Bayansa akwai Austin Mack da ya biyo DeBoer daga Washington, da sabon ɗalibi Keelon Russell daga Duncanville a Texas. Kafin kakar 2025 Simpson bai taɓa fara wasa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa Athens, gidan Georgia, a watansa na farko. Sai dai tsarin DeBoer ba ya neman jarumi, yana neman mai karanta tsaro da sauri ya saki ƙwallo kafin daƙiƙa uku ta cika, ya kuma jefa ta inda mai cafewa zai ci gaba da gudu ba tare da ya tsaya jira ba. Idan Simpson ya rage jifan da ake cafkewa, ko da bai taɓa yin abin mamaki irin na Milroe ba, ƙungiyar za ta fi bara daidaito.

Masu cafe ƙwallo ba abin damuwa ba ne. Williams ya gama kakarsa ta farko da yadi 865, ko da yake ya yi sanyi a rabin kaka na biyu bayan an fara tsare shi da mutum biyu, Germie Bernard ya fi kowa yawan cafewa da 50, an kuma ƙaro dogon mai cafewa Isaiah Horton daga Miami.

'Yan katanga kuwa suna bukatar a tsaya a kansu. A takarda katangar 2025 tana da kyau: Kadyn Proctor a gefen hagu, Parker Brailsford a tsakiya, wanda yana cikin katangar Washington da ta ɗauki waccan kyauta, da Jaeden Roberts. Amma an rasa Tyler Booker, wanda Dallas ta ɗauka na 12 a zaɓen NFL, kuma shi ne shugaban katangar da ake jin muryarsa. Gefen dama ya yi ta tangal-tangal bara. Matsalar da na fi gani ita ce cakuɗa salo biyu, domin Saban ya tara ƙarti masu nauyi da aikinsu ture mutum kai tsaye, tsarin DeBoer kuma ya fi son masu saurin ƙafa da ke iya zagayawa gefe su tare mutum a buɗaɗɗen fili. Brailsford na irin na biyu ne, Proctor da Roberts na irin na farko. Kaka ta biyu tare ya kamata ta daidaita su, idan masu horarwa suka zaɓi 'yan dabarun ruga kaɗan suka nace a kansu har suka zama jiki, maimakon tara dabaru da yawa da ba a ƙware a ko ɗaya ba.

Gyara na biyu yana ɓangaren tsaro, kuma ya shafi abu guda takamaimai, wato kwatabak mai ruga. Dole a yi wa mai tsara tsaro Kane Wommack adalci, domin a jimilla tsaronsa ya yi kyau: ƙasa da maki 18 ake ci masa a wasa, ya hana Western Kentucky da Missouri cin ko maki ɗaya, ya kuma ƙwace ƙwallo da yawa. Tsarinsa mutum huɗu ne a gaba, biyu a tsakiya, biyar a baya, idanunsu na kan kwatabak domin su yi wa jifa kwanton ɓauna. Wannan tsari mai sauri ne, amma ba shi da nauyi, kuma akwai wata dabara da ke gwada shi. Kwatabak zai sa ƙwallo a cikin mai ruga bai saki ba, idonsa na kan mai tsaron gefe ɗaya da aka bari da gangan ba a tare shi ba. Idan mai tsaron ya bi mai ruga, kwatabak ya zare ƙwallon ya fita ta gurbin da ya bari, idan kuma ya tsaya, ya sakar wa mai ruga ya wuce ta tsakiya. Da wannan an cire mutum ɗaya daga tsaro ba tare da an taɓa shi ba. Maganinta ba ƙarfi ba ne, kowane mai tsaro ne zai tsaya a kan mutumin da aka ba shi ko da ya ga kamar ƙwallo tana wani wuri, kuma wanda ya fara isa ya kayar da mai ƙwallo, kada ya suɓuce masa. Diego Pavia na Vanderbilt ya wahalar da Alabama da ire-iren wannan, Jackson Arnold na Oklahoma kuma, wanda aka taɓa ajiyewa a benci a kakar, ya ruga mata yadi fiye da 100.

Dalilin da ya sa na dage a nan shi ne jadawalin 2025 cike yake da irin waɗannan mutane. Wasan farko, ranar 30 ga Agusta a Tallahassee, Florida State za ta fito da Thomas Castellanos, wanda ya ruga yadi fiye da 1,000 a Boston College a 2023, kuma mai tsara masa hari a kakar 2025 shi ne Gus Malzahn, tsohon kocin Auburn, wanda ya gina sunansa a kan wannan salo kuma ya doke Saban da shi fiye da sau ɗaya. Castellanos ma har ya riga ya tsokano su, yana cewa yanzu babu Saban da zai cece su. Georgia tana da Gunner Stockton, wanda ya fi Carson Beck da ya koma Miami son amfani da ƙafa. Pavia ya samu ƙarin shekara ta hanyar kotu, zai zo Tuscaloosa. South Carolina, wadda bara da ƙyar aka sha da ci 27 da 25 a gida, tana da LaNorris Sellers, kuma a filinta za a buga. Oklahoma ta ɗauko John Mateer daga Washington State, wanda ya ci tacdawun 15 da ƙafa bara. Shi kuma Arnold ya koma Auburn, saboda haka zai jira Alabama a filin Jordan-Hare a wasan ƙarshe na kaka, filin da ko a zamanin Saban ba a fita daga cikinsa da sauƙi. Rabin jadawalin ke nan yana yi wa tsaron tambaya ɗaya.

Kayan aikin amsa ta suna nan. An rasa Jihaad Campbell, wanda Philadelphia ta ɗauka a zagayen farko, da Malachi Moore, amma Deontae Lawson ya zauna bayan raunin gwiwar da ya ji a Norman, Tim Keenan da LT Overton suna gaba, a baya kuma akwai Domani Jackson da Brown da Keon Sabb da Bray Hubbard, wanda ya shigo bayan Sabb ya ji rauni kuma ya nuna kansa. Wannan tsaron baya na iya zama mafi kyau a SEC. Abin da babu shi ne mai farautar kwatabak daga gefe irin Will Anderson ko Dallas Turner, mutumin da shi kaɗai zai tilasta wa abokan karawa su ware mutum biyu domin tare shi. Overton yana yawan isa kusa da kwatabak amma bai cika kayar da shi ba. Idan mutum huɗun gaba ba su iya matsa lamba su kaɗai ba, dole Wommack ya ƙaro daga tsakiya, kuma duk wanda aka ƙaro gurbi ne aka buɗe wa kwatabak mai gudu.

Gyara na uku shi ne ɗa'a a fili, kuma shi ne ya rataya kai tsaye a wuyan DeBoer. Alamar ta fito tun mako na biyu, lokacin da South Florida ta shiga kwata na huɗu a Tuscaloosa da tazarar maki ɗaya tak, 14 da 13, laifuffuka suna ta soke wa Alabama ci gaba. Laifi iri biyu ne. Akwai na zafin wasa, kamar riƙe mutum a lokacin kokawa, wanda ba a rasa shi. Akwai kuma na kafin a fara dama, kamar motsi kafin lokaci, tsayuwa ba bisa ƙa'ida ba, ko ƙarewar agogo ba a fara ba, kuma waɗannan su ne ke nuna ko an yi atisaye da kyau. Ana yawan cewa DeBoer mutum ne mai sanyin hali, ba ya daka tsawa irin ta Saban, kuma wasu magoya baya sun ɗora laifin a nan. Ban yarda sanyin hali ne matsalar ba, domin da halin nan ya ci wasa 67 cikin 70 a Sioux Falls. Abin da na fi zato shi ne 'yan wasan da suka saba da wata irin matsa lamba ta yau da kullum sun samu sassauci kafin sabon tsari ya kafu a zukatansu. A kaka ta biyu wannan uzuri ya ƙare, domin yawancin waɗanda ke ɗakin yanzu ko shi ya kawo su, ko sun zaɓi zama da shi suna sane.

Masu bugun ƙafa, na maki uku da na doka ƙwallo nesa, duka sababbi ne a kakar 2025, kuma a rukunin da wasanni da yawa ke ƙarewa da tazarar da ba ta wuce maki bakwai ba, wannan na iya cin wasa guda.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. Fifikon Saban ya ginu ne a kan cewa ɗan wasansa na benci ya fi na farkon wasu, kuma yana haƙurin jira shekara biyu ko uku. Tun da aka ba 'yan wasa damar karɓar kuɗin talla a 2021, aka sassauta sauya sheƙa, sannan a Yunin 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, wanda ba ya samun wasa a Tuscaloosa yana iya samun wasa da kuɗi a wani wuri cikin mako guda. Saboda haka tazarar da ke tsakanin Alabama da irin su Vanderbilt da South Carolina ta ragu, kuma ba za ta koma yadda take a 2012 ba ko wane ne koci.

Hasashena shi ne nasara tara ko goma cikin wasa 12, kuma bambancin lambobin biyu babba ne. Goma za ta shigar da ita gasar ƙungiyoyi 12 kusan ba tantama. Tara za ta mayar da ita hannun kwamiti, kuma bara ta ga yadda hakan ke ƙarewa, lokacin da aka sa ta ta 11 amma gurbin da aka keɓe wa zakarun rukuni ya tura ta waje. Tennessee da LSU da Oklahoma duk Tuscaloosa za su zo, wanda ya yi mata daɗi. Wasannin waje biyar ne za su yanke hukunci: Florida State, Georgia, Missouri, South Carolina da Auburn. Kafin kakar 2025 Georgia rabonta da faɗuwa a gida tun 2019, kuma faɗuwa a can ba abin kunya ba ne. Idan aka ci huɗu cikin biyar ɗin, DeBoer ya tsallake. Idan aka sake cin biyu, kwantiragin da ya sa wa hannu a 2024, na shekara takwas mai kimanin dala miliyan 87, zai hana a kore shi nan take, amma surutu zai yi yawa.

Idan Malam zai kalli wasan Tallahassee, kada sakamakon bara na Florida State, nasara biyu da faɗuwa goma, ya sa ya ɗauka an gama, domin ƙungiyar ta sauya 'yan wasa da masu tsara wasa da yawa. Ya lura da sau nawa aka miƙa wa mai ruga ƙwallo a dama ta farko da yadin da ya samu, ya ƙirga ƙyallayen laifin da aka jefa kafin a fara dama, sannan ya duba ko mai tsaron gefe yana tsayawa a gurbinsa duk lokacin da Castellanos ya sa ƙwallo a cikin mai ruga.